Tseren Motar Kara da Matsalar Kalmar "Ƙarfi" a Darasin Kimiyya

A 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta tanadi a koyar da yara a azuzuwan farko na firamare da harshen uwa ko na muhallinsu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka hana wannan tanadi yin tasiri a fannin kimiyya shi ne ƙarancin kayan aiki da na kalmomin fannu. Wannan maƙala ta dubi yadda tseren motocin wasa zai iya rage giɓin farko, da kuma yadda yake fito da na biyun fili.

A Amurka akwai tseren da ake kira Pinewood Derby, wanda Don Murphy ya ƙirƙiro wa yara 'yan sikawut a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya a 1953. Ana ba kowane yaro guntun katako da ƙusa huɗu da taya huɗu ya sassaƙa motarsa, bisa sharaɗin kada nauyinta ya wuce kimanin giram 142. Motar ba ta da inji, kuma ba a tura ta. Sakinta ake yi daga kan gangara. Tunda janyowar ƙasa ɗaya ce ga kowa, nasara ta dogara ne a kan wanda ya fi rage abin da ke riƙe motarsa: a goge ƙusoshin su yi sumul, a barbaɗa musu gari irin na bakin fensir, a mayar da nauyi can baya domin ya faro daga wuri mafi tudu.

Yaron ƙasar Hausa ba ya bukatar a sayo masa katako. Da kaka ta yi, karan dawa ya wadata, yara kan ƙera motar kara, su yanko tayoyi daga tsohon silifa ko sakaina, wasu su yi ta langa-langa ko ta waya. Abin da ya rage ga malami shi ne ya kafa doka: a jingina allo guda a kan dutse guda, a saki mota ba tare da turi ba, a auna nisan da ta ci da igiya. Sannan a sauya abu ɗaya kacal a kowane zagaye. Mota guda a kan siminti, sannan a kan tabarma, sannan a kan yashi, inda taya ke nutsewa. Bayan haka a bar ƙasar yadda take, a ɗiga man gyaɗa a ramin da tsinke ya ratsa taya. Nan yaro zai gane cewa wurare biyu ne ake gugar juna, tsakanin taya da ƙasa da kuma tsakanin taya da tsinkenta, kuma ba duka ne abin ƙi ba. In babu riƙon ƙasa, taya ba za ta juya ba, zamewa za ta yi, kamar yadda keke ke yi a taɓo.

Wurin da aikin ya shafi masu nazarin Hausa shi ne lokacin da motar ta tsaya. In aka tambayi yaro dalili, amsar da harshe ya tanadar masa ita ce "ƙarfinta ya ƙare". Jimlar daidai take a nahawu, amma tana ɗauke da tunanin da kimiyya ta bari tun bayan Galileo, wanda ya bayyana gwajinsa na gangara a 1638, da Newton, wanda ya fitar da dokokin motsi a 1687. A dokar Newton ta farko, abu mai tafiya ba ya bukatar a ci gaba da tura shi. Yana tsayawa ne domin wani abu ya tare shi. Kalmar "ƙarfi" kuwa tana ɗaukar turi da ja, da kuzarin da abu ya tara, da ƙwarin jiki, har da iko. Kimiyya ta raba waɗannan, Hausar yau da kullum ta haɗa su. Malamin da ya karɓi amsar yaron ya wuce, ya tabbatar masa da kuskuren ke nan da harshensa na gida. Gyaran yana cikin sauya tambayar: maimakon "me ya ƙare mata?", a ce "me ya riƙe ta?"

Ita ma "gogayya", wadda aka saba amfani da ita wajen fassara wannan riƙo, tana da tata rigimar, domin a bakin jama'a ma'anarta ta takara ta fi ƙarfi. A filin da ake tsere, yaro zai iya ɗauka gasar ake nufi. "Guga" ta fi kusa da abin da hannunsa ya sani, "turjiya" kuma ta fi nuna cewa abin yana adawa da motsi. Akwai kuma "kaushi" da "santsi", waɗanda kowane ɗan aji uku ke amfani da su daidai. Ya fi dacewa a fara da waɗannan biyun, a bar yara su jera siminti da tabarma da yashi bisa nisan da igiya ta nuna, kafin a ba abin suna guda.