Firijin Amarya: Yaushe Garanti Ke Fara Aiki?

Duk wanda ya taso a Takur ya san yadda ake haɗa kayan ɗakin amarya. Iyaye ba sa jira sai biki ya matso. Yau a sayi fanka, wata mai zuwa dutsen guga, idan kuɗin amfanin gona ya shigo a sauko da firiji daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Sai a jingine shi a kwalinsa a ƙuryar ɗaki, ana jiran ranar jere.

To, a ce an sayi firijin a watan Janairu da garantin shekara 1, aka yi biki a Oktoba. Amarya ta yi wata 4 tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, sai firiji ya daina sanyi a Fabrairu. Ko kamfani zai gyara kyauta?

Da yawanku za ku ce eh, ai wata 4 kacal ya yi yana aiki. Amma garanti, wato alkawarin kamfani na gyara ko musanya kaya idan ya lalace saboda aibin ƙira, galibi yana fara ƙirga ne daga ranar da aka saya, ranar da ke rubuce a rasit. Watanni 9 da firijin ya yi a kwali duk suna cikin lissafi. Ke nan wa'adin ya cika tun Janairu, gyara ya koma aljihun ango.

Idan babu rasit fa? Nan ne abin ya fi ciwo. Wasu kamfanoni sai su duba lambar da ke manne a bayan na'urar, su fara ƙirga daga lokacin da aka ƙera ta, alhali wataƙila ta daɗe a shago kafin a saye ta.

Doka ma ta tanadi kariya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 132 ya ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 daga ranar da aka damƙa masa shi, mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Ku lura, nan ma ba a ce daga ranar biki ba.

Ku ne masu karatu a gida, don haka wannan aikinku ne. Idan aka sayo na'ura, ku tabbata an karɓo rasit mai kwanan wata, an kuma cike katin garanti da hatimin shago. Ku ɗauki hotonsu a waya, domin rubutun wasu rasit yana gogewa da zafi. A buɗe kwali a gwada kayan tun a makon farko. Ku karanta sharuɗɗan ma: yawanci ba sa ɗaukar ɓarnar wutar da ta zo da ƙarfi, ko na'urar da wani mai gyara ya riga ya kwance.

In da hali, ku ba Mama shawara: a fara da gado, katifa da tukwane, a bar kayan wuta sai biki ya kusa.