Roger Williamson: Tsere Biyu, Darasi Ɗaya

Duk wanda ya duba kundin gasar tseren motoci ta Formula One zai tarar da Roger Williamson a layi guda: tsere biyu, babu maki ko ɗaya. Ni kuwa, tun da na kalli faifan abin da ya auku a filin Zandvoort na ƙasar Holan ranar 29 ga Yuli, 1973, na daina yarda cewa layin nan ya isa ya ba da labarinsa.

An haife shi a 1948 a yankin Leicestershire na Ingila. Ya zama zakaran gasar Formula Three ta Birtaniya a 1971 da 1972, attajiri Tom Wheatcroft kuma ya ɗauki nauyinsa zuwa babbar gasa. Tserensa na farko a Silverstone ya ƙare tun a zagayen farko, sa'ad da karon motoci da dama ya rutsa da shi. Bayan mako biyu ya isa Zandvoort.

A zagaye na takwas motarsa ƙirar March ta bugi shingen ƙarfe, ta kife, ta kama da wuta. Karon bai kashe shi ba, yana ciki da ransa. Wani direba ɗan ƙasarsu, David Purley, ya tsayar da tasa motar, ya sheƙa a guje, ya yi ta fafutukar ɗaga motar shi kaɗai. Ma'aikatan gefen hanya ba su da tufafin da ke jure wuta, saboda haka suka kasa matsowa. Ba a dakatar da tseren ba. Sauran direbobi suka ɗauka Purley ne mai motar, ya riga ya tsira, suka yi ta wucewa. Kafin motar kashe gobara ta iso, hayaƙi ya shaƙe Williamson. Shekarunsa 25.

An karrama Purley da lambar bajinta ta George Medal, kuma ya cancanta. Sai dai a ganina lambar nan tana tona asirin masu shirya gasar, domin da sun yi tanadi, da ba a buƙaci jarumi ba. Ajali ba ya wuce ranarsa, amma wannan bai wanke sakaci ba.

A 2003 aka kafa mutum-mutumin Williamson a filin Donington Park. Ina ganin rigar kariya a jikin ma'aikatan nan da ta fi masa amfani.