Gajeren Rai da Dawwamar Allah a Koyarwar Kiristoci

Gajartar rayuwar ɗan Adam da dawwamar Allah batu ne da Kiristoci suka daɗe suna tunani a kansa. Nassin da suka fi komawa gare shi a Littafi Mai Tsarki shi ne Zabura ta 90, mai ayoyi 17, wadda ita kaɗai aka jingina wa Annabi Musa cikin zabura 150.

Zaburar ta fara da Allah, wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe, har shekara dubu a wurinsa ba ta fi yinin jiya ba. Sannan ta gangaro kan mutum, ta kwatanta shi da ciyawar da kan yi shar da safe ta bushe kafin dare. Ta ƙiyasta ransa da shekara 70, ko 80 ga mai ƙarfi, yawancinsu kuma cikin wahala. Ta danganta wannan gajarta da zunubi, ta kuma rufe da roƙo: Allah ya sa mutane su san kwanakinsu ƙidayayyu ne don su yi hikima, ya kuma sa albarka a aikin hannunsu.

Malaman Kirista sun zurfafa bayani a kan dawwama. Agustin, bishop na Hippo (garin Annaba na Aljeriya a yau), wanda ya rasu a 430, ya koyar da cewa lokaci kansa halitta ne. Saboda haka Allah bai shiga cikin lissafin jiya da gobe ba. Komai a gabansa yake yanzu.

Wannan tunani ya shiga ibada. Littafin addu'o'in Cocin Angalikan na 1662 ya sanya Zabura ta 90 cikin karatun jana'iza. A 1719 Isaac Watts, wani mai wa'azi ɗan Ingila, ya mayar da ita waƙar sujada da har yau ake rerawa. A ranar Larabar Toka, farkon azumin kwana 40 kafin bikin Ista, fada yakan shafa wa masu sujada toka a goshi da siffar gicciye, don tunatar da su cewa daga ƙasa aka yi mutum, can kuma zai koma. Ana samun tokar ne daga ƙona ganyen dabinon da aka yi amfani da shi a ibada a ranar Lahadin da ta gabaci Istan shekarar da ta wuce.

Manufar duk wannan ita ce tuba da aiki nagari, ba yanke ƙauna ba. Kiristoci sun gaskata cewa tashin Yesu Almasihu daga matattu ya buɗe wa mutum hanyar rai madawwami. A koyarwarsu, abin da mutum ya yi da kwanakinsa ya fi yawansu muhimmanci.