Giwan Ruwa da Ɗan'uwansa Baramundi: Halittarsu da Yadda Ake Sunsu



Bahaushe ba ya raɗa wa abu suna a banza. Da ya dubi kifayen kogunansa ya ga wanda ya fi duka girma da ƙarfi, sai ya ara masa sunan giwa. Abin lura ga ɗaliban harshe shi ne, ko da yake giwa tamata ce, galibi "giwan ruwa" muke cewa, watau mun mai da shi namiji. Masana kimiyya kuwa suna kiransa Lates niloticus, kuma yana da ɗan'uwa na jini, Lates calcarifer, wanda mutanen Ostireliya suke kira baramundi. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa wanda bai san halittar kifi ba, zai kama shi bana ya rasa shi baɗi.

Halittarsu

Kifayen nan biyu sun yi kama ƙwarai. Duka suna da farin jiki mai ƙyalli, da manyan ɓawo, da ƙayoyi a gadon baya, da faffaɗan baki. Mafarauta ne masu kwanton ɓauna. Sukan laɓe gindin itace ko gefen ciyawa, in ƙaramin kifi ya gitta sai su wangale baki farat ɗaya, ruwa ya kwararo ciki tare da abincin. Giwan ruwa yakan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake irin wannan ba safai ake ganinsa ba. Gidansa na asali shi ne kogin Nilu, da Kwara, da Binuwai, da Sanagal, da Tafkin Cadi da kogunan da ke zuba cikinsa.

Wajen haihuwa ne suka rabu. Baramundi yakan girma a kogi, amma ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa sai a ruwan gishiri, saboda haka da farkon damina manyansu sukan gangara bakin teku. Wani abin mamaki kuma, yawancinsu maza suke balaga suna da shekara 3 ko 4, sa'an nan in sun ƙara girma su rikiɗe su zama mata. Giwan ruwa ba ya wannan rikiɗa, kuma bai san teku ba. Amma shi ma macensa ta fi namiji girma, ta fi shi jinkirin balaga, kuma babba guda takan zuba ƙwai miliyoyi. 'Ya'yan sukan fake a ruwa marar zurfi cikin ciyayi, suna cin ƙwari da ƙananan halittu, har su isa cin kifi. Kada a manta kuma, giwan ruwa ba ya jure ruwan da iska ta yi ƙaranci a cikinsa. Tarwaɗa da gaiwa suna iya zama a taɓo, shi kuwa da ruwa ya gurɓace shi ne farkon mutuwa.

Yadda ake sunsa

Masunta sun daɗe da sanin lokutansa. Da asuba da almuru yake fita farauta, kuma ya fi son gurbi mai zurfi inda ruwa ke gudana. Mai fatsa yakan soka wa ƙugiya ɗan kifi mai rai, karfasa ko kawara, don motsi ne ke jawo shi. Igiya sai mai ƙwari, gama in ya ji ƙugiya yakan yi tsalle yana girgiza kai, kuma murfin kunnensa yana da kaifin da kan yanke igiya, ya yanki hannu. Ana kuma kama shi da kalli mai manyan idanu, da taru, da mashi. Da rani, in ruwa ya janye ya bar gurabe, sai a yi su na gayya da homa da gora bisa izinin Sarkin Ruwa. Irin wannan su ne ya zama bikin Argungu, wanda aka soma a 1934, kuma galibi giwan ruwa ne ke cinye gasar.

Fadamar Haɗeja

Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano ne da na Calawa. Yakan bi ta Wudil da Ringim, in ya wuce Haɗeja ya rarrabu cikin fadamu, reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, saura su gamu da ruwan kogin Jama'are su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Ambaliyar watan Agusta da Satumba ita ce uwar kifin wannan ƙasa, domin a cikinta yake haihuwa, a cikinta 'ya'ya suke kiwo. Bandar Haɗeja da ta yi suna a kasuwannin ƙasar nan, daga nan take fitowa.

To, an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Waɗannan, tare da farin shekarun 1970 da 1980, sun rage faɗin ambaliya, sun kuma sauya tafiyar ruwa. Maimakon ya cika da damina ya janye da rani, sai aka riƙa sako shi kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ya yi wa kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ruwa ya kwanta, iskar cikinsa ta ragu. A irin wannan wuri tarwaɗa da karfasa za su zauna, amma ba giwan ruwa ba. Ƙari a kan haka, ga koma mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko ɗan tsako.

Darasi daga waje

A jihar Kwinsland ta Ostireliya, doka ta hana kama baramundi a gabar gabas daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin haihuwarsa. An kuma hana ɗaukar wanda bai kai santimita 58 ba, da wanda ya wuce 120, domin manyan nan su ne iyaye mata. A Tafkin Biktoriya, inda aka kai giwan ruwa a shekarun 1950 ya cinye ɗaruruwan irin ƙananan kifaye, da shi kansa ya soma raguwa sai aka ƙayyade kamu tsakanin santimita 50 da 85.

Kammalawa

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. Sarkin Ruwa da ke rufe gurbi har sai ranar da ya buɗe shi, aikin da dokar Kwinsland take yi shi yake yi. Abin da ya rage ga ma'aikatan gwamnati shi ne abu uku: a riƙa sakin ruwan madatsu da damina yadda zai yi ambaliya, a share kacalla daga hanyoyin ruwa, a kuma ƙarfafa hannun sarakunan ruwa wajen hana kama ƙanana da iyaye. Ɗalibai kuwa, ku je wurin tsofaffin masunta ku rubuta sunayen kifaye da na kayan su tun masu saninsu suna raye, domin in kifi ya ɓace daga kogi, sunansa ma yakan bi shi.