Daɓen Madafa: Inda Cuta Take Ɓuya a Gidan Abinci

Meiganga tana kan babbar hanyar da ta taso daga Garwa-Bulai zuwa Ngaundere. Kowace rana direbobin manyan motoci da fatake suna tsayawa su ci tuwon rogo da miyar nama. Wanda ya ci a yau, gobe yana Garwa. Idan madafar da aka dafa abincin ba ta da tsabta, cutar ma tare da shi za ta tafi.

Masu abinci da yawa suna wanke tukunya da kwano sarai, amma su manta da abin da suke takawa. Daɓen siminti yana shan ruwa kamar tulu sabo. Idan ya tsage, ruwan nama da mai da ɓarɓashin abinci sukan shige cikin tsagar, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Nan kyankyaso da ƙuda suke samun abinci, daga nan kuma su hau kan kwano. Takalmin da ya fito daga bayan gida shi ma yana kawo ƙazanta. Ta haka ake kamuwa da gudawa, da zazzaɓin taifod, da kwalara. Mutanen arewacin Kamaru ba su manta da kwalarar 2010 da 2011 ba, wadda ta kwantar da dubban mutane. Ban da wannan, daɓe mai maiƙo yana da santsi, kuma faɗuwa kusa da tafasasshen mai mummunar ƙuna ce.

Kakanninmu sun san wannan. Idan mata suka yi daɓe, sukan yayyafa masa ruwan makuba daga ɓawon ɗorawa don ya yi ƙarfi, ya rage shan ruwa. Siminti ma yana son irin wannan kulawa.

Ga yadda za ki gwada naki. Zuba ruwa kaɗan a busasshen wuri. Idan ya nutse nan da nan, wurin ya yi duhu, daɓen yana bukatar shafe. Idan tayil ne, ƙwanƙwasa shi. Wanda ya yi ƙarar ganga ya saki.

Wajen gyara, a fara wanke maiƙo da ruwan zafi da sabulu, domin siminti ba ya kama mai. Magini ya faɗaɗa tsagar, ya share ƙura, ya jiƙa wurin, sa'an nan ya cike da kwaɓin siminti mudu 1 da yashi mudu 3. A rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. Da rani aikin ya fi sauƙi, amma iskar hunturu tana busar da siminti da wuri ya sake tsagewa, don haka kada a bar buhun ya bushe. Mai hali yana iya shafa fentin daɓe mai hana shan ruwa, amma sai sabon siminti ya yi kamar kwana 28. A tabbata daɓen ya ɗan gangara zuwa magudana, kada ruwa ya kwanta.

Kowace yamma kuma a share, a wanke da sabulu, a ɗauraye, sa'an nan a goge da ruwan Javel da aka sirka yadda aka rubuta a jikin kwalba. A bar shi minti 10. Kada a gauraya Javel da wani maganin wanki, domin hayaƙinsa yana cutar da huhu. Tsummar goge ƙasa kada ta taɓa tebur.

Kuɗin siminti na toshe tsaga ɗaya bai kai kuɗin jinyar yaro ɗaya ba. Ki duba ƙasan madafarki yau, kafin ki hura wuta.