Mahaifa ko Tsatso: Yadda 'Ya'yan Baƙi Ke Samun Ƙasa da Fasfo

Gabatarwa

A ƙaddara an haifi jarirai uku a rana guda. Na farko an haife shi a wani asibiti a Kano, iyayensa duka biyu 'yan Ghana ne da kasuwanci ya kawo su. Na biyu a birnin Landan, iyayensa 'yan Nijeriya ne da suka je ƙaro ilmi. Na uku kuwa a birnin Toronto na ƙasar Kanada, shi ma iyayensa ɗalibai ne 'yan Nijeriya. Kowannensu an yi masa takardar haihuwa a garin da ya faɗo. To, amma idan ranar neman fasfo ta zo, na Toronto ne kaɗai zai sami fasfon ƙasar da aka haife shi ba tare da an gindaya masa wani sharaɗi ba. Na Kano ba ɗan Nijeriya ba ne a idon doka, haka kuma na Landan ba ɗan Birtaniya ba ne. Dalilin wannan bambanci shi ne kowace ƙasa ita ke tsara wa kanta dokar da ke fayyace wane ne ɗanta, kuma dokokin ba su tafi a kan turba ɗaya ba.

Takardar haihuwa, zama ɗan ƙasa, da fasfo

Akwai abubuwa uku da jama'a suka saba cakuɗawa. Takardar haihuwa shaida ce ta ranar da aka haifi mutum, da wurin, da sunayen iyayensa. Zama ɗan ƙasa kuwa dangantaka ce ta doka tsakanin mutum da wata ƙasa, wadda ke ba shi damar zama a cikinta ba da izinin kowa ba, da jefa ƙuri'a, da neman kariyarta idan yana waje. Shi kuma fasfo takardar tafiya ce da gwamnati ke bai wa wanda ta riga ta tabbatar ɗanta ne. Saboda haka fasfo ba ya mayar da mutum ɗan ƙasa. Zama ɗan ƙasa shi ke jawo fasfo. Duk jami'in da aka kai wa takardun yaro, abin da yake dubawa da farko shi ne ko doka ta ɗauki yaron a matsayin ɗan ƙasa.

Ƙa'idoji biyu

Masana shari'a sun kasa dokokin duniya a kan wannan batu gida biyu. Ta farko ita ce ƙa'idar mahaifa, wadda ake kira jus soli da harshen Latin, watau ƙasar da aka yanke wa mutum cibiya ita ce ƙasarsa. Ta biyu ita ce ƙa'idar tsatso, ko jus sanguinis, watau yaro yana gadon ƙasar iyayensa ko a ina aka haife shi.

Ƙa'idar mahaifa ta samo tushe ne daga tsohuwar shari'ar Ingila, inda ake ɗaukar duk wanda aka haifa a ƙasar sarki a matsayin talakan sarki. Daga baya ta yi ƙarfi a nahiyar Amurka, domin ƙasashe irin su Kanada da Brazil da Ajantina sun ginu ne da baƙi, suna kuma buƙatar 'ya'yan baƙin su zama nasu. Ƙasashe talatin da 'yan kai ne suke bin ta ba tare da sharaɗi ba, yawancinsu a wannan nahiya. Ƙa'idar tsatso kuwa ta bazu a Turai bayan kundin dokokin Faransa na shekarar 1804, wanda ya ɗora zama ɗan ƙasa a kan uba. A yau yawancin ƙasashe suna haɗa ƙa'idojin biyu ne, sai dai kowace da inda ta fi karkata.

Misalai daga Amurka da Turai

A Amurka, gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulki a shekarar 1868 shi ne ya kafa ƙa'idar mahaifa, musamman don a tabbatar wa bayin da aka 'yanta matsayinsu. An jarraba wannan gyara a shari'ar Wong Kim Ark, wanda aka haifa a San Francisco, iyayensa 'yan Sin. Da ya dawo daga ziyara a ƙasar Sin a 1895 sai aka hana shi shiga Amurka. A 1898 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa shi Ba'amurke ne saboda haihuwarsa a can. 'Ya'yan jakadun ƙasashen waje ba su shiga cikin wannan ƙa'ida ba. A watan Janairu na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wani umarni na hana wannan dama ga 'ya'yan baƙin da ba su da takardun zama ko masu zaman wucin gadi. Kotunan tarayya suka dakatar da shi, magana ta kai har Kotun Ƙoli.

Birtaniya, wadda daga gare ta ƙa'idar ta fito, ta sauya hanya. Tun daga ranar 1 ga Janairu 1983, yaron da aka haifa a can ba ya zama ɗan ƙasa sai idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Amma an bar ƙofa biyu a buɗe: ana iya yi wa yaron rajista idan ɗaya daga cikin iyayen ya sami izinin dindindin daga baya, ko kuma idan yaron ya yi shekaru goma na farkon rayuwarsa a ƙasar. Ostireliya ta yi irin wannan sauyi a 1986, Ireland kuma ta bi sahu bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2004.

Jamus ta tafi ne ta ɗaya gefen. Dokarta ta 1913 ta tsaya a kan tsatso zalla, har ta kai jikokin ma'aikatan Turkiyya da aka haifa a Jamus suna zaune a matsayin baƙi. Daga shekarar 2000 aka amince yaro ya zama Bajamushe tun daga haihuwa idan ɗaya daga cikin iyayensa ya yi shekara takwas a ƙasar bisa doka kuma yana da izinin zama na dindindin. A 2024 aka rage shekarun zuwa biyar. A Faransa kuma, ɗan baƙi da aka haifa a ƙasar yana zama Bafaranshe idan ya cika shekara 18, muddin yana zaune a can kuma ya yi aƙalla shekara biyar a ƙasar tun yana ɗan shekara 11.

Nijeriya da Nijar

Tsarin mulkin Nijeriya na 1960 ya bi ƙa'idar mahaifa ga waɗanda aka haifa bayan samun mulkin kai, amma tsarin 1979 da na 1999 sun tsaya a kan tsatso. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya nuna cewa wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje kuwa, sai ɗaya daga cikin iyayensa ya kasance ɗan ƙasa, uwa ko uba. Wannan shi ya sa jaririn Landan da na Toronto suke da haƙƙin fasfon Nijeriya, amma na Kano sai ya nemi na Ghana. Idan ya girma yana son zama ɗan Nijeriya, hanyarsa ita ce ta sashe na 27, wanda ya buƙaci zaman shekara 15 a ƙasar tare da wasu sharuɗɗa. Sashe na 28 kuma ya ƙyale wanda yake ɗan ƙasa tun haihuwa ya riƙe ƙasa biyu, don haka jaririn Toronto na iya mallakar fasfo biyu.

Jamhuriyar Nijar ta gaji tsarin Faransa. Dokarta ta 1984 ta tanadi cewa wanda aka haifa a Nijar, kuma ɗaya daga cikin iyayensa shi ma a Nijar aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Ke nan jikan baƙo na iya samun abin da ɗan baƙo bai samu ba. A 2014 aka gyara dokar ta amince da riƙe ƙasa biyu.

Wannan magana ta taɓa Hausawa kai tsaye, domin al'umma ce ta fatauci da tafiye-tafiye. A ƙarshen 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su gyara matsayinsu ko su fice. Cikin waɗanda suka fita har da mazauna zango da aka haifa a Ghana, waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. A Saudiyya kuma, inda zama ɗan ƙasa ke bin uba, akwai zuriyar mahajjata daga Afirka ta Yamma da aka haifa a Makka da Jidda, amma haihuwar ba ta mayar da su 'yan ƙasa ba.

Yaron da ya rasa ƙasa

Babban haɗarin yana nan ne inda dokoki biyu suka saɓa. Idan an haifi yaro a ƙasar da ke bin tsatso, kuma ƙasar iyayensa ba ta ba su damar gadar masa da matsayinsu ba, sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Hakan na faruwa ta hanyoyi da dama. Akwai ƙasashe sama da ashirin, irin su Lebanon da Kuwait da Somaliya, da ba su ba uwa cikakkiyar damar gadar wa ɗanta ƙasa kamar yadda suka ba uba ba. Idan ba a san uban ba, ko shi kansa ba shi da ƙasa, yaron ne ke shiga uku. Wasu ƙasashen kuma, kamar Birtaniya, galibi suna taƙaita gado ga tsara ɗaya kawai ta waɗanda aka haifa a waje. Hanya ta uku ita ce rashin shaida: doka ta ba yaro ƙasa, amma babu takardar da za ta nuna su wane ne iyayensa.

Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutum miliyan 4.4 marasa ƙasa a ƙarshen 2023, ta kuma bayyana cewa ainihin adadin ya zarce haka. Irin wannan mutum yakan sha wuya wajen rubuta jarrabawa, da buɗe asusun banki, da samun aikin gwamnati, balle a yi maganar ƙetare iyaka. Don magance wannan ne Yarjejeniyar 1961 ta rage rashin ƙasa ta wajabta wa ƙasashen da suka shige ta su karɓi yaron da aka haifa a cikinsu idan ba shi da wata ƙasa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta maimaita wannan a sashe na 6. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar 1961 a shekarar 2011, sai dai babin tsarin mulkinta da ya shafi zama ɗan ƙasa bai yi tanadi ba ga jaririn da aka tsinta ko wanda zai rasa ƙasa.

Kammalawa

Idan ana son a gane matsayin kowane yaro, tambayoyi huɗu ake yi: a ina aka haife shi, a wace shekara, mene ne matsayin uwa da uba a ranar haihuwar, sannan me dokokin ƙasashen da abin ya shafa suka tanada a lokacin. Shekara tana da muhimmanci, domin wanda aka haifa a Landan a watan Disamba na 1982 da ƙanensa da aka haifa bayan shekara biyu suna iya samun matsayi dabam, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wajibi ne iyayen da suka haihu a waje su yi wa jariri rajista a ƙasar da aka haife shi, su kuma kai takardar ofishin jakadancin ƙasarsu tun da wuri. A cikin gida, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa a Nijeriya, Hukumar Shige da Fice kuma ita ke ba da fasfo. Malaman makaranta na iya taimakawa ta hanyar bincikar ɗaliban da ba su da takardar haihuwa tun suna aji ɗaya, domin neman shaida ya fi sauƙi yayin da iyaye da ungozoma da mai unguwa suke raye.