Wa ke kai kukan Bazaga Yamai?

[Kiɗan buɗe shiri]

 Shirinmu na musamman na yau zai yada zango ne a kudancin jihar Tawa, tsakanin gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela. Batunmu kuwa shi ne kamun ƙafa: yadda gari ko 'yan kasuwa ke kai buƙatarsu gaban gwamnatin tsakiya, da wanda ke kai ta, da abin da ke sa a saurari wani a bar wani yana jira a bakin ƙofa.

Daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato bai cika kilomita 100 ba. Zuwa Yamai kuwa ya haura kilomita 400. Mai shago a Ƙonni yana iya yin sammako ya tafi Sakkwato ya saro kaya, ya dawo ya yi la'asar a gida. Amma takardar da za ta ce kayan nan su shigo ko kada su shigo, nawa za a biya a duwan, hatsi ya fita ko kada ya fita, a Yamai ake sa mata hannu. Nijar ba tarayya ba ce irin Najeriya. Gwamnan jiha naɗa shi ake yi daga Yamai, perefe mai kula da gunduma ma haka. Saboda haka duk wanda ke son hanya ko makaranta ko sassaucin haraji, ƙarshenta dai idonsa na kan babban birni.

A cikin wannan yanki ne Bazaga take, ƙaramar hukumar karkara, ɗaya daga cikin huɗun da ke gundumar Ƙonni, tare da Tsarnawa da Allela da ita Ƙonnin kanta. A kula, Allela na ce. Illela daban ce, kuma ita ma biyu ce: akwai tamu ta jihar Tawa, akwai ta ƙetaren iyaka a jihar Sakkwato, wadda za mu zo kanta nan gaba. Bazaga ba ta da masana'antar siminti irin Malbaza, ba ta da ofishin duwan irin Ƙonni, ba ta da suna a kasuwannin Abijan da Akara irin Galmi mai albasa. Gero ne da dawa da wake da dabbobi, sai matasa masu tafiya cin rani. Irin wannan gari shi ne ma'auni. Idan muryarsa na isa Yamai, to tsarin na aiki.

[Kiɗa]

Bari mu ɗauki labarin da kamun ƙafa ya yi rana, labarin albasa.

Jar albasar Galmi, wadda duniya ta sani da Violet de Galmi, manoman kwarin Maggiya ne suka yi ta zaɓen irinta shekara da shekaru, har ta zama albasar da ke da yaji, take kuma jure ajiya a cikin rudu watanni ba ta lalace ba. A wajajen 2009 sai labari ya iso cewa wani kamfanin iri mai suna Tropicasem, da ke ƙasar Senegal, ya nemi a yi masa rajistar wannan iri a hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, wadda hedikwatarta ke Yawunde a Kamaru. Da abin ya tabbata, da wata rana manomin Galmi ya wayi gari sunan albasar kakanninsa yana hannun wani.

To, manomi ɗaya ba shi da ƙofar shiga OAPI. Ƙasa ce mamba, gwamnati ce ake saurare. Abin da ya faru shi ne, ƙungiyar ANFO ta masu sana'ar albasa, da sauran ƙungiyoyin manoma, suka tashi tsaye, suka yi ta kai gwauro suna kai mari tsakanin ofisoshin ministoci da gidajen jaridu, har gwamnati ta shigar da ƙorafi a hukumance. Kamfanin ya janye sunan Galmi, ya sa wa irinsa wani suna. Daga baya kuma aka yi wa albasar Galmi rajistar alamar asali a wannan hukuma, tare da kilishin Nijar.

Abin lura a nan, ba wani attajiri ne ya bi minista gida da daddare ba. Ƙungiya ce mai suna da shugabanni, da buƙata guda ɗaya tak wadda kowa zai iya faɗa cikin numfashi ɗaya, da kuma hujjar da gwamnati ba za ta iya kau da kai daga gare ta ba: albasa tana cikin manyan abubuwan da Nijar ke fitarwa waje, kuma a Afirka ta Yamma babu mai fitar da ita kamar Nijar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tsarnawa lokacin kakar albasa, ya ga manyan motoci jere ana lodi, 'yan dako na gudu da buhu a ka, dillalai na ciniki da waya a kunne, ya san ba ƙaramar dukiya ake magana ba.

[Kiɗa]

Labari na biyu ya fi ɗaci, domin ya shiga kowane gida. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ta ce don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur. Wata goma sha shida aka yi. Sai a ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe mashigai huɗu na farko, kuma Illela ta Sakkwato na cikinsu, tare da Maigatari da Seme da Mfum. Ba a gama farfaɗowa ba, sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, sai iyaka ta sake rufuwa, Najeriya ta kuma yanke wutar lantarkin da Nijar ke dogaro da ita. Mutanen Ƙonni ba sa buƙatar a ba su labari. Motoci sun yi makonni a tsaye, albasa da tumatir sun ruɓe, 'yan kabu-kabu sun koma bin daji, kowane shinge da kuɗinsa.

Wa ya yi magana? A ɓangaren Najeriya, sanatocin arewa sun fito fili sun ce ba su yarda a kai yaƙi ba, suna lissafo jihohi bakwai da ke kan iyaka: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. A ranar 5 ga Agustan 2023 majalisar dattawa ta shawarci Shugaba Bola Tinubu ya bi hanyar sulhu. Mai alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar sun zo Yamai. Malam Muhammadu Sanusi na Biyu ya zo. Tawagar malamai ƙarƙashin Shaihu Bala Lau ta zo ta gana da shugaban mulkin soja, Janar Abdourahamane Tiani. A watan Fabrairun 2024 Janar Yakubu Gowon, wanda yana cikin waɗanda suka kafa CEDEAO a 1975, ya rubuta wasiƙa a fili yana roƙon a ɗage takunkumi. Ranar 24 ga wannan wata aka ɗage, a watan Maris kuma iyaka ta buɗe ta ɓangarorin biyu.

Babu mai musun cewa wannan ƙoƙari ya taimaka. Amma mu duba sunayen da kyau: sarakuna ne, malamai ne, tsofaffin shugabanni ne, sanatoci ne. Girma ne ya buɗe musu ƙofa. Su kuwa waɗanda asarar ta faɗa a kansu, mai motar da albasarsa ta ruɓe da matar da ke sayar da abinci a tasha, sai dai a ji su a rahoton 'yan jarida na minti biyu. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

[Kiɗa]

Ba wai babu cibiyoyin da aka kafa don wannan aiki ba ne. Akwai majalisar 'yan kasuwa da masana'antu ta ƙasa, CCIN, mai reshe a Tawa. Akwai RECA, haɗakar majalisun manoma. Akwai AMN, ƙungiyar magadan gari, wadda ta samu gindin zama bayan zaɓen watan Yulin 2004 na ƙananan hukumomi 265 da aka raba ƙasar. Akwai ƙungiyar sarakunan gargajiya. Tun 1971 ma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, kuma a Yamai ofishinta yake.

Magadan gari sun daɗe suna da kuka iri ɗaya: an ba su aiki, ba a ba su kuɗi ba. An ce su kula da makarantun firamare da ɗakunan shan magani da rijiyoyi, amma abin da ke shigowa daga harajin kasuwa da na kai bai taka kara ya karya ba. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT don ta riƙa tura wa ƙananan hukumomi tallafi daga baitulmali. Dokar ma'adinai ta 2006 kuma ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su. Samun doka a takarda rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sintiri a ofishin ministan kuɗi har a saki abin da aka yi alkawari, kuma magajin garin da ba shi da kuɗin man mota zuwa Yamai, shi ne na ƙarshe a layi.

Yanzu kuma fasalin ya sauya. An rusa majalisar dokoki bayan juyin mulki. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi. A 2025 aka kafa majalisar tuntuɓa, mai ba da shawara. Kantoma yana iya zama mutumin kirki mai himma, kuma akwai su. Sai dai wanda aka naɗa daga sama, nauyin bakinsa daban ne da na wanda talakawa suka zaɓa, musamman in saƙon da zai kai ba mai daɗin ji ba ne. Wannan ya sa nauyi ya ƙara komawa kan hakimai da ƙungiyoyin sana'a da 'ya'yan gari mazauna Yamai.

Wannan hanya ta ɗan gida ita muka fi sabawa da ita. "Muna da mutum a sama," in ji mu. Yankin nan ya ma taɓa samun wanda ya fi kowa sama: Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a gundumar Illela, ya shugabanci ƙasa daga 2011 zuwa 2021. A cikin waɗannan shekaru aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, aka kuma sa gyaran gonakin noman rani na Ƙonni, sama da hekta 2,400, cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da aka ƙulla da Amurka a 2016. Ko ɗan gida ne ya jawo su, ko cancanta ce, kowa da abin da yake faɗa a majalisar shayi. Abin da ba a gardama a kai shi ne, kujera ba ta dawwama, kuma garin da bai haifi minista ba shi ma yana shan ruwa.

[Kiɗa]

A Amurka, kamun ƙafa sana'a ce mai rajista. 'Yan kasuwa sun kafa majalisarsu ta ƙasa tun 1912. Birane sun kafa ƙungiyarsu a 1924, magadan manyan garuruwa kuma a 1932, a tsakiyar karayar tattalin arziki, lokacin da suka je Washinton neman agajin marasa aikin yi. Har yau birane na ɗaukar hayar ƙwararru su zauna musu a babban birni, suna bin kasafin kuɗi layi-layi, suna neman kuɗin gada ko na ruwan famfo. Dokar 1995 ta tilasta wa masu wannan sana'a su bayyana wanda suke yi wa aiki da abin da aka biya su. Kuɗin da ake kashewa a kan gwamnatin tarayya kaɗai ya haura dala biliyan 4 a shekara. Faransa ma ta yi dokar rajistar irin waɗannan mutane a 2016.

Ba abin sha'awa ba ne gaba ɗaya. Can ma mai kuɗi ya fi murya, kuma kamfanonin magunguna da na fetur sun fi ƙananan garuruwa yawan wakilai nesa ba kusa ba. Amma abu ɗaya ya kamata mu ɗauka: a can kana iya buɗe rajista ka ga wa ya nemi me. A nan kuwa, in aka ba wani babban ɗan kasuwa sassaucin duwan, ƙananan 'yan kasuwar Ƙonni sai dai su gani a farashi, su yi ta zato. Kuma duhun nan shi ke ɓata sunan kamun ƙafa, har a kasa raba shi da cin hanci.

A ganina, abin da ya fi yi wa garuruwa irin Bazaga ƙaranci shi ne lissafi a rubuce. Buhu nawa na wake aka noma bana, nawa aka sayar a ƙetare, shinge nawa ne tsakanin kasuwa da iyaka, nawa ake biya a kowanne, ƙauye nawa ne mota ba ta shiga da damina. Ma'aikacin ofishin minista da aka kawo wa kuka zai ce Allah ya kyauta. Wanda aka ajiye wa takarda mai alƙaluma da sa hannun ƙungiyoyi biyar da hakimai uku, dole ya nemi inda zai kai ta. Kuma ba dole Bazaga ta tafi ita kaɗai ba. Hanya ɗaya ce ta haɗa ta da Tsarnawa da Dogerawa da Malbaza, kasuwar dabbobi ta Badagishiri kuma kowa na cinta.

Ga wata jarrabawa. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, don a tsare abinci a gida a kuma karya farashi. Mai saye a birni ya ji daɗi, kuma yana da gaskiyarsa. Amma manomin waken Bazaga, wanda babbar kasuwarsa ke kudu da iyaka, shi ma yana da tasa: da kuɗin waken nan yake biyan bashin taki, yake aurar da 'ya. Buƙatarsa ba lallai ta zama a soke dokar ba. Tana iya zama a ware wake daga sauran hatsi, ko a sa wa'adi, ko gwamnati ta saya a farashin da ba zai karya shi ba. Kowace daga cikin ukun nan magana ce da za a iya rubutawa a shafi ɗaya, a kai Tawa, a wuce da ita Yamai.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. A shiri na gaba za mu buɗe layukan waya ga shugabannin ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa na Ƙonni da Malbaza da Illela, mu ji buƙatun da suka riga suka kai da amsar da aka ba su. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]